Tsofaffin Kwamfutoci da Aikin Sakatariya: Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Shekara



Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kwamfutoci da dama kuma ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Wannan ya sa wasu ofisoshi ke jingine na'urori masu sauran ƙarfi. Roƙonmu shi ne ku nemo mana irinsu a wuraren aikinku, da izinin masu su, a goge bayanan ciki tukuna, sannan a kawo gida.

Aikin sakatariyarmu bai wuce rajistar mambobi, lissafin kuɗin wata da wasiƙu zuwa ƙaramar hukuma ba. Linux Mint da LibreOffice sun ishe mu, kuma kyauta ne. Ba sai mun biya lasisi ko mun ɗora manhajar sata mai janyo ɓatan takardu ba. Mun fi son laftof, domin batirinta kan riƙe aiki idan an ɗauke wuta. A daure a haɗo da caja.

Wanda ya kawo kuma, ya ware yini guda ya koya wa matasa biyu, kada ta ƙare a kabad tana shan ƙura.