Amsoshin Wasiƙunku: Binciken Aikin Gayya Sana'a Ce?

Wani ɗalibi daga Funtuwa ya rubuto yana tambaya, wai mutum zai iya cin abinci da binciken yadda jama'a ke haɗa kai su raya garinsu?

To ƙanena, ƙwarai kuwa, amma fa sai da haƙuri. Za ka yi digiri a kimiyyar siyasa ko nazarin zamantakewa, ka ƙara na biyu, sannan na dakta. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen nazarin ƙananan hukumomi a Kongo, Zariya.

Sai dai aikin ba na zaman ofis ba ne. Robert Putnam, Ba'amurke, ya shafe kusan shekara 20 yana bin yankunan Italiya kafin littafinsa ya fito a 1993. Ya gano cewa inda ƙungiyoyin jama'a suka yi ƙarfi, nan gwamnati ta fi yin aiki.

Kai ma fara daga gida. Zauna da masu adashi da 'yan gayya, ka tambaya: wa ke riƙe kuɗi? Wa ke tsawata wa wanda ya ƙi fitowa? Rubuta duk abin da ka ji. In dukiya kake nema, kasuwa ta fi. Allah ya ba da sa'a, amin.