Warin Turke da Haihuwar Taurari



Tun da a Titin Sama muka taru, ba laifi mu ɗaga kai sama. Kakanninmu sun lissafta damina da sanyi da taurari irin su Surayya, wadda yara ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Kusa da ita a sararin samaniya akwai wani baƙin gajimare na iska da ƙura, mai nisan da haske ke shafe kimanin shekara 450 kafin ya iso mana. A cikin irinsa ake haifar taurari.

Ganin cikinsa ne ke da wuya. Ƙura ta tare haske, iskar haidirojin da ta fi yawa a ciki ba ta fitar da wata alama cikin tsananin sanyi, iskar kabon monoksaid kuma daskarewa take yi a jikin ƙura. Sai masana suka koma ga amoniya, wato iskar nan mai hawa kai da muke ji a turken dabbobi, wadda da ita ake yin takin yuriya. A 1968 ne Charles Townes da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka fara gano ta tsakanin taurari.

Ƙwayar amoniya tana da naitirojin ɗaya da haidirojin uku, tana kuma kifewa tana komawa kamar lemar da iska ta juya. Wannan kifewa ke fitar da igiyar rediyo mai tsawon kusan santimita 1.3, wadda ke ratsa ƙura. Ba ta bayyana sosai sai inda iska ta cunkushe, saboda haka ita ke nuna mahaifar tauraro. Manyan faifan rediyo masu faɗin mita 100, na Green Bank a Amurka da na Effelsberg a Jamus, suna kama ta. In aka gwada ƙarfin layukanta biyu, sai a san sanyin wurin: kimanin digiri 263 ƙasa da sifili. Inda sanyi ya kai haka, motsi kuma ya lafa, nauyi yakan rinjaya, gajimaren ya dunƙule ya zama tauraro.

Ina ruwanmu, mu malaman firamare? Makarantunmu da yawa ba su da ɗakin gwaji, har kimiyya ta koma hadda. Amma tushen wannan bincike abu ne da ɗan makiyayi ya sani: ana gane abin da ba a gani ta sawunsa. Ghana ta mayar da tsohon faifan sadarwa na Kuntunse na'urar nazarin samaniya a 2017. Masu sarrafa irinta daga aji ɗaya suke farawa.

Muna roƙon reshe ya ware dare ɗaya a lokacin sanyi, in hazo ya yi sauƙi, mu fito da ɗalibai da iyayensu, mu nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, mu yi bayani da Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.