Kafa Ƙungiyar Tseren Motoci ta Matasa a Dutse: Ta Ina Za a Faro?



Batun da aka ɗora mini shi ne tseren motoci masu kujera ɗaya, inda ake rainon yara kafin su kai Formula 1. Matakin farko ana kiransa Formula 4. A Italiya aka soma gasarsa a 2014 ƙarƙashin hukumar FIA, kuma sai yaro ya cika shekara 15 ake ba shi sitiyari.

Motocin gasar duk iri ɗaya ne. A Italiya kamfanin Tatuus ke ƙera jikin, injin na Abarth ne, an kuma buga masa hatimi don kada wani ya buɗe ya ƙara masa ƙarfi. To, me uban yaro yake saye da ɗaruruwan dubban Yuro a kaka guda? Mutane yake saye. Injiniyan da zai buɗe kwamfuta bayan kowane zagaye ya ce wa yaro, a kwana ta uku ka riga ka taka birki tun kafin lokaci. Bakaniken da ya san iskar da taya ke so idan kwalta ta ɗau zafi. Zaɓen ƙungiya ke nan, sauran duk fenti ne.

Ku dubi Ugo Ugochukwu, wanda mahaifiyarsa, Oluchi Onweagba, 'yar Nijeriya ce. Da ƙaramar motar nan ta kart ya faro, ƙungiyar McLaren ta ɗauke shi a 2021, ya zo na uku a Formula 4 ta Ingila da ƙungiyar Carlin a 2022, ya koma ƙungiyar Prema, ya ci gasar Macau a 2024. Amma a Amurka da Turai aka raine shi. Rabon Afirka da Formula 1 tun 1993, a filin tseren Kyalami.

Saboda haka ni dai ban ga hikimar fara neman direba a Dutse ba. Masu zafin ƙafa ba su yi mana kaɗan ba. Kowa ya san samarin da ke juya mota a bikin aure har taya ta yi hayaƙi, jama'a na tsaye ba shinge. Wannan ganganci ne, ba tsere ba. Abin da muka rasa shi ne masu awo da lissafi a bayan direba, kuma su ne mafi araha wajen samarwa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ƙera mota sun shiga gasar Shell Eco-marathon. A Ingila, tun 1998 ɗalibai ke haɗa mota mai kujera ɗaya da hannunsu a gasar Formula Student.

Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga kwalejojin fasaha a nan da Kazaure, ga masu walda da kanikawan babur a kowace unguwa. A haɗa ɗalibi mai lissafi da ogan gareji, a ba su injin babur da bututun ƙarfe, su fitar da kart. A keɓe fili mai kwalta, a kewaye shi da tsofaffin tayoyi, ba mai hawa sai da hular kwano, a riƙa rubuta lokacin kowane zagaye. Lasisi kuwa, ƙungiyar ATCN ce ke wakiltar FIA a Nijeriya, ita za a tuntuɓa tun da wuri. Duk attajirin da zai ɗauki nauyi, a gaya masa gaskiya: taya da mai za su ci kuɗi fiye da motar, kuma alkawarin da bai kai shekara uku ba kada a karɓa.