Benen da ke samar da wutar da yake sha

A 2019 Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta buɗe wani bene mai hawa shida, SDE4, wanda wutar da yake samarwa a shekara ta kai wadda yake sha. Faifan sola fiye da 1,200 ne ke shimfiɗe a rufinsa, har hukumar gine-ginen ƙasar ta ba shi shaidar Green Mark Platinum.

Ni dai ba takardar ce ta burge ni ba, dabarar sanyaya ɗakuna ce. Ba a ƙure na'urar sanyaya ɗaki har mutum ya nemi rigar sanyi. Iska mai ɗan sanyi ake sakowa, fanka ta kaɗa ta. Rufin kuma ya zarce bango, yana tare rana. A ciki ɗaliban zanen gine-gine ke ɗaukar darasi.