Daga Ɗakin Zane zuwa Rumfar Kafinta

Jawabin da malaman sana'o'in hannu suka gabatar a taron reshe

 

An ba mu wannan dama ne saboda wata tambaya da ta yawaita a bakin 'yan'uwa. Malami zai tare mu a ofishin malamai ya ce: "Yarona ya gama karatun zane, ya dawo daga hidimar ƙasa, yanzu ya ce shi kujeru zai riƙa yi. Shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta don ya zama kafinta?" Mun ji wannan magana daga bakin mutum fiye da ɗaya, kuma mun san ba raini ne ya kawo ta ba, tsoro ne. Albashin malami ne aka tatsa aka yi karatun, dole uba ya tambayi inda za a ga amfaninsa.

Kafin mu amsa, akwai laifin da ya kamata mu ɗauka da kanmu. A shekarar 1982 aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4, aka sa darasin gabatarwar fasaha a ƙananan sakandare, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje. Manyanmu da ke zaune a nan sun ga yadda wasu injunan suka tsufa a cikin akwatunansu, babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su. Wannan ba mu muka yi ba. Abin da muka yi shi ne, mun riƙa tura yaron da ya kasa lissafi zuwa ɗakin aikin katako, mai ƙoƙari kuwa mu ce likita ko lauya. Yara suna gani, iyaye suna gani. Idan yau uba ya ji kunyar a ce ɗansa kafinta ne, wani ɓangare na wannan kunya a ajinmu aka koye shi.

Sana'ar kuwa tana da asali. Tun kafin zuwan kafinta akwai masassaƙi da gizagonsa, mai fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata daga kututture ɗaya, ba ƙusa ba gam. A Zariya kuma, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, suna cewa a koyi dabarun Turawa amma a gina su bisa fasahar gida. Cikinsu akwai Demas Nwoko, wanda bai tsaya ga fenti da takarda ba, ya shiga gine-gine da ƙera kujeru. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya. Saboda haka yaron da ya fito daga makarantar zane ya ce zai yi kujera bai ɓata hanya ba. Sai dai takardar da ke hannunsa ba ta ishe shi ba, kuma nan ne muke so mu daɗe.

Makarantar zane tana ba yaro ido. Yana gane daidaito, yana gane abin da ya yi nauyi a gani da abin da ya yi sakayau, yana iya fitar da abin da ke ransa a takarda. Abin da ba ta cika ba shi ba shi ne sanin halin itace. Akwai wani tsohon ɗalibinmu da ya samu aikinsa na farko, teburin cin abinci na wata amarya. Ya zana shi da kyau, ya sayi katako a watan Satumba, ya haɗa, ya shafe, aka biya shi, kowa na yabo. Hunturu na shiga, saman teburin ya tsage tun daga wannan baki har wancan, ana iya zura tsinken tsintsiya a ciki. Uban amarya ya aiko a ɗauke. Yaron ya mayar da kuɗi, ya kuma rasa gidaje ukun da suka riga suka yi masa magana.

Me ya faru? Yawancin katakon da ake saukewa a kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa, da sauran ruwa a jikinsa. Iskar hunturu ta tsotse ruwan, katako ya tsuke. Kuma tsukewarsa ta faɗi ce, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Wanda ya ɗaure faffaɗan katako da ƙusa ta kowane gefe, bai bar masa wurin motsi ba, ya riga ya rubuta ranar tsagewarsa. Mu malamai mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A rumfar kafinta ɗanyen icce shi ne abokin gaba. Sai an jera shi a inuwa, an sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, an bar shi watanni. Kafintan da ya san abin da yake yi yana sayen katakon bikin kaka tun kafin damina ta faɗi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kowane itace da halinsa. Maɗaci yana da ja, yana karɓar shafe, yana daɗewa. Ƙirya tana da taurin da ke dakushe zarto, gara ma tana shakkarta. Malaina tana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma ba za a sa ta inda za ta ɗauki nauyi mai yawa ba. Madobiya kuwa, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana fita da ita zuwa Sin, tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido. Matashin da zai shekara talatin a wannan sana'a ya kamata ya damu da inda katakonsa yake fitowa, ko don kansa.

Ina ake koyon duk wannan? A hannun tsohon kafinta. Shawararmu ga duk wanda ya gama makarantar zane ita ce ya ajiye takardarsa a akwati, ya je ya zauna ƙarƙashin maigida shekara ɗaya ko biyu, ya share rumfa, ya goga samfefa, ya koyi wasa ƙarfe da fidda haɗi. Mun san da ɗaci. Mai digiri zai karɓi umarni daga wanda bai gama firamare ba, wata rana ma yaron shago ɗan shekara sha biyar ya gyara masa riƙon zarto. Amma ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Maigida ya san itace, sai dai sau da yawa abin da ya gani a hoto yake kwaikwaya. Yaronmu ya iya zane da awo: ya san mazaunin kujera yana kai kimanin santimita 45 daga ƙasa, tebur kimanin 75, ya kuma iya tsara yanka a falle ɗaya na filawud mai ƙafa 4 da 8 yadda ɓarnar ba za ta yi yawa ba. Wanda ke son shaidar wannan koyo a rubuce, akwai jarrabawar NABTEB, akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa da hukumar NBTE ta Kaduna ke kula da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi tsagewar katako kashe sabon shago. Kuskuren farko shi ne cin bashi a sayi manyan injuna. Wuta ba ta tsayawa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta ya zama abokin cin riba. A kasuwar katako akwai masu inji da ake biya su tsaga, su goge, mutum ya ɗauko ya ƙarasa da kayan hannu. Wannan ya ishi mai farawa. Kuskure na biyu shi ne cin kuɗin kafin alƙalami. Wanda aka ba kuɗin kayan ɗaki ya sayi katako da soso da yadi a ranar, don farashin yau ba shi ne na mako mai zuwa ba. Idan ya taɓa kuɗin ya yi cefane, sai ya jira na wani mai aikin ya cike na wannan, daga nan kuma aka shiga "gobe in sha Allah", har sunan kafinta ya zama abin zolaya a gari. Littafi ɗaya na rubuta kuɗin kaya daban, ladan hannu daban, ya fi kowane inji amfani a shekarar farko.

Kasuwa kuwa tana nan. Muddin ana aurar da 'ya'ya a ƙasar Hausa za a sayi gado da kujeru da madubi. Amma a kasuwar kayan ɗaki yaronmu zai yi gogayya da shaguna ɗaruruwa masu yin abu iri ɗaya da katakon gari da aka matse, wanda ruwa na taɓa shi yake kumbura. Ba zai fi su araha ba. Inda zai fi su shi ne abin da karatunsa ya ba shi. Muna da fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta daɗe da sani, muna da baƙin rini na Ƙofar Mata, muna da saƙi da kaba da zanen dagi. Kujerar maɗaci mai mazaunin fata, wadda aka yi don ɗakin da ake zama a ƙasa a ci abinci, babu wani kanti a Dubai da zai kawo ta. Wannan fanni kuma bai tsaya ga maza ba. 'Ya'yanmu mata da suka karanci zanen yadi suna da wuri a ɗinkin rigar kujera da zaɓen launi, kuma su ne suka fi shiga ɗakin amarya su ga abin da ake bukata.

Yanzu ga abin da muke roƙon reshe. Babu ɗayanmu da bai san bayan ajin da aka tara karyayyun bencina ba, yara kuma suna zaune a ƙasa. Yawancin waɗannan bencina ƙafa ɗaya ce ta fita ko ƙusa ta kwance. Muna roƙon shugabannin makarantu da ke cikinmu, idan kwamitin iyaye da malamai ya ware kuɗin gyara, a nemi tsofaffin ɗalibanmu da suka shiga sana'ar a ba su, a kuma sa su yi aikin a harabar makaranta lokacin da yara suke nan, su gani da idonsu. Muna kuma roƙon asusun taimakon juna na reshe ya duba yiwuwar ba ɗan mamba rancen kayan hannu, zarto da guduma da magogi da matsi, ba kuɗi a hannu ba, bisa sharaɗin ya kawo shaidar maigidan da yake koyo a wurinsa. Mun rubuta wannan a takarda mun miƙa wa sakatare, muna fatan a sa shi cikin ajandar zama na gaba.

Wancan ɗalibi namu mai tsagaggen tebur ya koma ƙarƙashin wani dattijo ya yi wata goma sha takwas. Teburin yana nan a shagonsa, a kansa yake yanka yadi. Ya ce a faɗa wa reshe, idan an amince da gyaran bencina, zai zo da yaransa biyu ranar Asabar ya fara da ajin da ya fi lalacewa, kuɗin ƙusa da gam kawai yake so a aikin farko.