Kalmar Muse: Daga Ina Waƙa Take Zuwa?

 

Wani yaronmu da ya yi zama Ikko ya komo gida da wata kalma ta Ingilishi, muse, wadda ake faɗi kamar "miyuz". Ya ce ita ce ke ba mawaƙi waƙa. Wani dattijo ya ce sunan gunki ne, kada a ƙara faɗin ta gabansa. Shi ya sa munka ga ya kamata mu bayyana ta, don mu ma mun gamu da ita cikin Faransanci lokacin da muke koyon aikin malanta.

Da farko, ba ta da dangantaka da sunan Musa, kuma ba ita ce mushe da yara ke kiran mu a lakwal ba.

Asalinta daga Girka ne. Mutanen can na dā sun ce akwai ƴan mata 9, ɗiyan babban gunkinsu Zus, kowace da aikinta. Kaliyofe ke da waƙar mazan jiya, Kiliyo tarihi, Uraniya sanin taurari. Mawaƙinsu Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin Annabi Isa, ya ce yana kiwon tumaki gindin dutsen Helikon sunka zo sunka koya masa waƙa. Ashe dattijo bai yi kure ba wajen asali.

Amma yau masu Ingilishi ba bauta suke nufi ba. Kalmar tana da ma'ana uku a bakinsu. Ta ɗaya ita ce abin da ke saukar wa mai fasaha da zance cikin zuciya, kusa da abin da muke kira ilhami. In marubuci ya ce muse ɗinsa ta gudu, nufinsa ya zauna da alƙalami bai sami ko layi guda ba. Ta biyu, mutumin da ke sa wani ya yi waƙa ko zane, yawanci mace. Haka ake kiran Biyatiris, wadda Dante na Italiya ya riƙa yabo cikin waƙoƙinsa. Ta ukku aikatau ce, watau mutum ya yi shiru yana tunani mai zurfi. Wannan daga tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, tushenta dabam, rubutu ne ya gama su.

Ko nan gida mun san maganar. In makaɗi ya yi fice sai ku ji ana cewa aljani ke ba shi, wasu su ce gado ne, malamai su ce baiwa ce daga Allah. Tambaya guda ce mu da Girkawa: daga ina waƙa take zuwa?

Kalmar ta haifi wasu da muka saba ji. Daga gare ta anka samu kalmar kiɗa ta Faransanci da ta Ingilishi. Daga gare ta kuma anka samu musée, gidan ajiyar kayan tarihi, irin na Yamai da anka buɗe a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, shi ma tsohon malamin lakwal.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne uwar ƴan matan nan. Girkawa sun ce sunanta Tunawa. Manufarsu, wanda bai riƙe na dā ba, ba ya ƙirƙiro sabo. To, mu duba garinmu. Tsofaffin da sunka san waƙar niƙa da ta daka, da kirarin manoma wajen gayya, nawa sunka rage? Injin niƙa ya shigo, dutsi ya kwanta, waƙarsa tana bin sa. Ɗiyanmu na birni sun hardace waƙoƙin waje, na kakarsu kuwa ko baiti ɗaya.

Don haka muna roƙo. Duk ɗan ci-ranin da ya zo gida da damina, ya zauna da tsohuwa guda ya ɗauki muryarta cikin wayarsa. Mu malamai mun ɗauki alkawarin rubutawa cikin kaye da Hausa, mu ajiye wa ƙungiya. Ku kuma iyayenmu, in yaro ya zo tambaya, kada ku kore shi.

Allah shi bar zumunci.