Yusufu a Ƙasar Baƙunci: Jimiri, Jaraba, Gafara da Bangaskiya

(Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiya na bayan girbi. Mun buga shi domin ƴan'uwa na nesa da ba su samu zuwa ba.)

 Muna roƙon dattawa su yi mana gafara, yau yaro ne ya tsaya gaban manya. Kwamiti ya ɗora mana magana a kan abin da addinin Kirista yake koyarwa game da jimiri, jaraba, gafara da bangaskiya. Kaya ne mai nauyi. A lakwal, in darasi ya yi nauyi, mukan biɗi misali guda mu rataya shi a kai. Misalinmu na yau shi ne Yusufu ɗan Yakubu, wanda labarinsa yake cikin Littafin Farawa, daga sura 37 zuwa 50. Ƴan'uwanmu Musulmi da ke cikin ƙungiya sun san shi ta tasu hanya. Mu za mu faɗi yadda ake koyar da shi a ikilisiya. Tun shekarar 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikakke da Hausa, saboda haka duk mai karatu yana iya bin sawunmu ya duba.

Mun zaɓi Yusufu domin ya yi zaman baƙunci kamar da yawa cikinku, ya ga yunwa kamar dukanmu, kuma waɗanda suka cuce shi ƴan gidansu ne. Abin da muke so kowa ya koma da shi ke nan: gidan da ya tsira daga yunwa yana iya watsewa saboda riƙo.

1. Jimiri

Mu fara da lissafi. Yusufu yana da shekara 17 yayyensa suka jefa shi a rami, sa'an nan suka sayar da shi ga fatake a kan azurfa 20. Yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Tsakani shekara 13 ke nan, wani sashe a bauta, wani a kurkuku. Yaron da aka rubuta a lakwal ranar da aka sayar da shi, da ya yi shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise, kafin Yusufu ya ga sauƙi.

To, yaya ya yi waɗannan shekaru? Bai naɗe hannu ba. A gidan Fotifar ya yi aiki har aka damƙa masa dukan gidan. A kurkuku ma sai da ya zama shi ke lura da sauran ƴan sarƙa. Kuma bai yi shiru a kan gaskiyarsa ba: da ya fassara wa mai shayar da sarki mafarki, ya gaya masa cewa sato shi aka yi, bai aikata abin ɗauri ba, ya roƙe shi ya tuna da shi in ya fita. Mutumin ya fita, ya manta da shi shekara biyu cur. Wane ɗan cin rani ne bai san irin wannan ba? Ka yi wa mutum rana, ya ce da ya samu wuri zai kira ka, shiru kake ji.

Da Fir'auna ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, shawarar Yusufu ta manomi ce: cikin shekarun ƙoshi a ware kashi ɗaya cikin biyar a ajiye. Wato in ka ɗaure dami biyar, ɗaya na rumbu ne, ba a taɓa shi. Kakanninmu sun san wannan, shi ne rumbun tsimi. Dattawan da suka ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da mu da muka ga ƙarancin cimaka na 2005, mun san bambancin gida mai ajiya da marar ajiya. Shi ya sa haƙurin da ake koya mana a ikilisiya haƙuri ne mai hauya a kafaɗa. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta kwatanta bangaskiyar da ba ta da aiki da gawa.

2. Jaraba

A nan ya kamata mu raba kalmomi biyu da muke haɗawa. Gwaji shi ne wahalar da ta faɗo maka daga waje: fari, fara, ciwo, rashin aiki. Jaraba kuwa ita ce muryar da ke cewa ga gajeriyar hanya, bi ta, ba mai gani. Wasiƙar Yakubu, sura 1, ta koyar cewa Allah ba ya jan kowa zuwa mugunta, sha'awar mutum ce ke jansa. Saboda haka kada mai ɓarna ya ce haka Allah ya rubuta masa.

Jarabar Yusufu ta same shi inda ba wanda ya san ubansa. Matar maigidansa ta matsa masa, ba sau ɗaya ba, kowace rana. Da ya ƙi, dalili biyu ya kawo: amanar da maigida ya ba shi, da zunubi a gaban Allah. Ranar da ta kama rigarsa, bai tsaya gardama ba, ya bar mata rigar ya gudu. Mu lura da abin da ya biyo baya: an yi masa ƙazafi, an ɗaure shi. Gaskiyarsa ba ta biya shi nan take ba. Duk wanda ya ce muku mai tsoron Allah ba ya yin hasara, bai karanta wannan sura ba.

Ku ƴan tafiya kun fi mu sanin siffar jaraba a can. Kuɗin da abokin ɗaki ya ba ka ka kai wa tsohuwarsa, ka ce bari in juya su tukuna. Caca a tasha. Ƙwayar da ake cewa tana ƙara ƙarfin aiki. Kayan da ake ba ka ka ƙetare iyaka da su, a ce kada ka buɗe. Sabon zama da ke sa mutum ya manta da mata da ɗiyan da ya bari a gida. Mu mazauna gida ma muna da tamu. Gonar wanda ya tafi tana nan jikin taka, gambar da ke kan iyaka kuwa ba ta da baki. Bana ka ci taki ɗaya, baɗi biyu.

Ba ma raina uzurin mai jin yunwa. Matiyu sura 4 ta nuna cewa Yesu Almasihu kansa, bayan azumin kwana 40 a jeji, ta wajen abinci Iblis ya fara zo masa. Jin yunwa ba laifi ba ne, jin jaraba ma ba laifi ba ne, amsa mata shi ne laifi. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, sura 10, ya tabbatar cewa Allah yana buɗe mafita tare da kowace jaraba. Sau da yawa mafitar ƙafafunka ne: tashi daga wurin, sake ɗaki, sake abokai.

3. Gafara

Nan ne za mu daɗe, domin nan ciwonmu yake. Shekarun ƙoshi bakwai suka wuce, yunwa ta shiga shekara ta biyu, sa'an nan Yusufu ya bayyana kansa ga yayyensa. In muka tara 13 da 7 da 2, shekara 22 ke nan. Ga su durƙushe gabansa suna biɗar hatsi, shi kuwa yana da ikon ɗauri da saki a dukan Masar. Mu Hausawa mukan ce rama cuta ga macuci ibada ne. A wannan wuri koyarwar Kirista ta rabu da karin maganarmu, kuma gara mu faɗa a fili.

Amma mu dubi yadda gafarar ta kasance, domin ana yawan fahimtarta a karkace. Yusufu bai yi sauri ba. Ya tsare Saminu, ya sa aka zo da ƙanensa Biliyaminu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa cikin buhun yaron, don ya ga ko za su sake yar da ɗan'uwa su tsira da kansu. Sai Yahuza, wanda tun farko shi ya kawo shawarar a sayar da Yusufu, ya fito ya ce a riƙe shi bawa a madadin yaron, don kada baƙin ciki ya kashe tsohonsu. A nan Yusufu ya kasa daurewa, ya fashe da kuka. Ya kira laifin da sunansa, ya tuna musu su ne suka sayar da shi. Duk da haka ya zaunar da su a ƙasar Goshen, ya ciyar da su da ƴaƴansu.

Dattawa, ga wurin da ya shafe ku. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar ya rasu. Ana gama binne shi sai tsoro ya kama yayyen, suka ce yanzu ne zai rama, dā albarkacin tsoho suke ci. Haka yake a gidajenmu: faɗan da aka danne don kunyar uba yakan tashi ranar rabon gado. Amsar Yusufu, cikin sura 50, ita ce zuciyar wannan koyarwa. Ya ce shi ba a matsayin Allah yake ba. Ya yarda cewa mugunta suka nufa, amma Allah ya juya ta don a ceci rayuka da yawa. Ya kuma yi alkawarin ci gaba da ciyar da su. Mai gafara ba ya ƙaryata abin da aka yi masa. Hukunci yake mayarwa hannun Mai shi, ya ci gaba da riƙon zumunci.

Me ya sa Kirista ba shi da zaɓi a kan wannan? Matiyu sura 18 ta ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10.000, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini ne, talanti ɗaya kuwa dinari 6.000. Bashin ɗan'uwan aikin kwana 100 ne, kamar damana guda. Nasa kuwa aikin kwana miliyan 60; in mutum yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 200.000 bai huta ba. Wanda ya gaskata an yafe masa irin wannan, da wane baki zai ce ba ya yafewa?

Kada wani ya ji wannan ya ce to, bashin hatsin da ya ɗauka a bankin cimaka ya faɗi ke nan. Gafara aikin wanda aka cuta ne, mayarwa aikin wanda ya yi cutar. A Luka sura 19, Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Tiyar da ka riƙe, ta marayan da zai zo biɗa ce a tsakiyar damana. Ita sura 18 ta Matiyu ta kuma shimfiɗa hanyar sulhu: ka fara zuwa wurin mutumin kai kaɗai, in ya ƙi ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sa'an nan a kai gaban jama'a. Mu kuwa mukan fara daga ƙarshe: kasuwa ta ji, waya ta kai Abijan, mai laifin bai ji daga bakinmu ba.

Wannan koyarwa an gwada ta a ƙasarmu. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, an ƙone majami'u masu yawa a tarzomar da ta biyo bayan zanen wata jarida ta Faransa, mutum 10 suka rasu. Shugabannin ikilisiyoyi suka yi kira kada a rama, kuma ba a rama ba. An samu maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. In an iya yafe majami'ar da ta ƙone, taki uku na gona bai kamata ya raba ciki ɗaya ba.

4. Bangaskiya

Za mu gajarta, domin duk abin da muka faɗa a kanta yake tsaye. Yusufu ya rayu shekara 110. Da ya ga mutuwa ta matso, ya rantsar da danginsa cewa ranar da Allah ya fitar da su daga Masar su tafi da ƙasusuwansa. A lokacin ba alamar fita ko kaɗan. Bayan zamanai Musa ya ɗauke su, aka binne su a Shekem. Wasiƙa ga Ibraniyawa, sura 11, da ta zo lissafa masu bangaskiya, wannan wasiyya ce ta ambata game da shi, ba sarautarsa ba. Bangaskiya ita ce ka tsaya a kan alkawarin Allah tun ba ka ga cikarsa ba, kamar mai binne iri kafin ruwan fari ya sauka. Mutumin da ya kai ƙololuwar daraja a ƙasar wasu bai manta inda ya fito ba.

Roƙonmu

Ku ƴan tafiya, kafin mota ta tashi da ku, duk mai magana da ɗan'uwansa ya je ya same shi su biyu. Mai riƙe da saƙon wani ya kai, ko kaɗan-kaɗan ne. Mu mazauna gida, wanda ya san gamba ta matsa ya mayar da ita wurinta kafin shuka. Ku kuma iyayenmu, ku nuna iyakokin gonaki gaban shaidu, ku sulhunta ɗiyanku tun kuna da rai, kada ku bar musu tsoron da yayyen Yusufu suka kwana da shi shekara 17.

Inda muka yi daidai, daga Allah ne; inda magana ta yi kaifi, dattawa su sassauta mana. Allah ya kai matafiya lafiya, ya ba mu damana mai albarka, ya sake tara mu baɗi.